Hoton da Aka Goge wa Tsaga

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa, kowa da ranarsa. Taubashina, ɗan goggona, ya riga mu a ƙarshen daminar da ta wuce, bayan 'yar jinyar da ba ta ko hana shi zama a ƙofar gida ba. Mutanen Dogon Dutsi sun san shi da gyaran rediyo a bakin kasuwa, amma sun fi saninsa da kyamarar da yake ratayawa a wuya duk ranar da ake kokawa ko ƙwallo a filin wasa. Ba sana'arsa ba ce, so ne kawai Allah ya ɗora masa.

Ranar jana'iza na ga tsofaffin 'yan kokawa da na daɗe da ɗauka sun mutu. Wasu daga Matankari, wasu daga ƙauyukan Sukukutane, sun keto yashi a bayan babura, ƙafafu sun yi furu-furu. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu sanda ke riƙe da shi, ya zauna kusa da ni a tabarma ya ce, "Malam, yanzu wa za ya shaida ma jikokinmu mun taɓa zama mazaje?" Abokin mamacin, wani Kirista, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya fara koya masa riƙon kyamara, ya raka mu har bakin maƙabarta, ya tsaya gefe da hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Waɗannan sun sanyaya mini rai. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne samarin. Ana ɗauke da makara suna ɗaga wayoyi sama da kawunan dattawa. Liman ya yi kabbara, wani yana ja da baya yana neman inda zai samu sahu duka. Wani har ya juyo da wayar ya haɗa da tasa fuskar, ya yi kalar tausayi, ya danna, ya duba, bai yi masa ba, ya sake. Na kawar da kai na yi istigfari. Na ɗauka ƙarshen abin ke nan. Ashe somin taɓi ne.

Ranar sadakar uku babban ɗan mamacin, wanda ke aikin gwamnati a Yamai, ya fito da wani babban hoto cikin gilashi ya jingina shi a zaure. Ya ce ya riga ya tura wa 'yan uwa ta waya, har na Kwanni da na Birnin Kebbi sun samu. Na matsa na duba. Wani mutum ne fari sol, kumatu sumul kamar na amarya, haƙora jere kamar an feƙe su. An sa masa farar alkyabba. A bayansa ga Ɗakin Ka'aba, sama da kansa ga gajimare yana ta haske.

Na ce, "Wanene wanga?"

Ya ce, "Baba Malam, ai tsohonmu ne. Na ɗan gyara shi ne, ya yi purop, tsaf da shi."

Taubashina baƙi ne kamar bayan tukunya. Goro ya rina masa haƙora, ɗaya na sama ya faɗi tun muna samari. Bai je Makka ba, Allah bai kira shi ba, kuma bai taɓa yarda a ce masa Alhaji ko da wasa ba. Amma duk wannan da sauƙi. Ba'are ne ɗan Ba'are, asalin mutanen ƙasarmu ta Arewa. Tsaga biyu ce a kowane kumatu, daga gefen baki har kunne, wadda wanzami ya yi masa yana jariri a gaban kakanmu. A cikin hoton babu ko alamarta. Na'urar da ke cikin wayar ta ɗauke ta tabo ne, ta share.

Na ce a nuna mini na asalin. Ya yi ta shafa gilashin wayar da yatsa, sama, ƙasa, gumi na fito masa. Can ya ce wai gyararren ya hau kan na asalin, ya danne shi. Shi kaɗai ne kuma hoton da yake da shi, ya ɗauka ne a sace wata ranar Sallah.

Da aka shigar wa uwargidan mamacin da hoton a ɗakin takaba, ta duba sau ɗaya ta ture shi da bayan hannu. Washegari ta aika a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa, labule tsakaninmu.

Ta ce, "Malam, tun da aka gwada mini abin nan, in na rufe ido shi nika gani. Ina neman fuskar mai gida, sai wancan farin ya taho ya tsaya. Tsoro nika ji kada in fita takaba ban iya tuna shi ba. Ka samo mini shi yadda yake, don Allah."

Duk garin nan an san matsayina a kan hoto. Ban taɓa tsayawa gaban kyamara da son raina ba, kuma mun shafe rabin rayuwarmu ni da shi muna wannan gardama. Ni ina ce masa ɓarawon fuskoki, shi yana ce mini Malam Haramun. In ya hango ni tafe sai ya ɗaga kyamarar don tsokana, ni kuma in rufe fuska da hannun riga, yara su yi ta dariya.

Wata rana a shagonsa na kawo masa hujjoji har na gaji. Ya bar ni na gama, yana ta hura ƙura daga idon kyamara da wata 'yar roba mai kama da nonon akuya. Sannan ya ce, "Kai da kake malami, mi hukuncin mai shaidar zur?"

Na ce, "Babban zunubi ne, yana cikin masu halakarwa."

"Wanda ya ga gaskiya ya ɓoye fa?"

"Zuciyarsa mai zunubi ce."

Ya ce, "To, ni shaida nike. Abin da idona ya gani nika ajiyewa. Ranar da na ƙara ko na rage, ka zo ka karanta mini duk abin da ke cikin gafakarka."

Ban ce na yarda ba, kuma har yau ina da sauran magana. Amma na amsa wa uwargidansa cewa zan nema.

Na fara da shagon. Ni da abokinsa malamin lakwal muka sauke kwalaye muka zauna. Hotuna ne kamar yashi. Na zamanin fim, waɗanda yake aikawa Yamai a wanko masa, sun yi ja-ja. Na bayan da ya samu kyamara mai kati sun fi haske. Ga 'yan kokawa da layu da ƙahonni a ƙugu, ga makaɗa jijiyar wuya ta tashi, ga 'yan ƙwallon hutun lakwal suna gudu ba takalmi. Rabin mazan Arewa suna cikin kwalayen nan, amma shi babu. Wanzami ba ya son jarfa. Na katin shaidarsa kuwa tun yana saurayi aka ɗauka, hatimi ya rufe rabin fuskar, ruwa ya cinye sauran.

Muna dubawa malamin yana tuna mini halayensa, ina tuna masa. Yadda yake naɗe kyamarar cikin tsohon zanen matarsa saboda yashin fili, har ana yi masa ba'a wai ya goyo jariri. Yadda yake tsugunawa kullum ta yamma da fili bayan la'asar, rana a bayansa, ba ya taɓa hawa rumfar manya ko an kira shi. Kyamararsa tsohuwa ce mai nawa, in ka danna sai ta yi ɗan tunani kafin ta kama. Saboda haka shi ba ya jiran faɗuwa. Yana cewa, "In ka ga kaye sannan ka danna, ƙura za ka kai gida. Kada ka dubi hannu, hannu maƙaryaci ne. Dubi ƙafa, kuma ka saurari ganga." Makaɗa sun fi kowa sanin wanda numfashinsa ya ƙare, in kiɗa ya canza sai ya riƙe nasa numfashin kamar maharbi.

Masu wayoyi da suka cika fili daga baya suna ba shi haushi. "Ɗari suke ɗauka su rasa ɗaya," in ji shi. Sai ya taɓe baki, tsagar nan ta tattare zuwa kunne. Wannan taɓe bakin nasa kowa ya san shi.

Ba wai ya ƙi gyaran hoto gaba ɗaya ba. Da ya samu tsohuwar kwamfuta yana ƙara haske in hadari ya rufe rana, yana yanke gefe in wani ya saka kai. Iyakarsa ke nan. Yana cewa, "Wanke ma mutum fuska daban, canza mashi fuska daban." Kuma akwai abin da ba ya bari ya kwana. In walkin ɗan kokawa ya zame tsiraicinsa ya fito, nan take yake gogewa, ko da kayen ya fi kowane kyau. Na taɓa jin wani ɗan kasuwa yana roƙonsa irin wannan hoton don ya kunyata abokin gaba. Ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ba ka da uwa?"

Malamin ya tuna mini wata tsohuwa daga wajen Tibiri. Ɗanta mai tsaron gida ne a ƙwallo, ya tafi cirani arewa, hamada ta riƙe shi. Ta zo shago ta ce an ce mata taubashina yana ajiye mutane. Ya rufe gyaran rediyo ya yi ta tonon kwalaye har ya samo yaron, ya yi tsalle yana cafe ƙwallo, baki buɗe. Ya kai mata da kansa a kan keke. Da na tambayi taubashina a lokacin yadda ta yi, cewa ya yi, "Ta ce bai aske kai ba."

Muka gama kwalayen hannu wofi. A nan ne malamin ya ce, "Akwai guda. Amma ba za ka so inda yake ba." Ya tuna mini rigimar gwiwa.

Shekarun baya ne, lokacin da ake tace 'yan kokawar da za su wakilci yankinmu a Doso. Ɗan unguwarmu, wanda duk gari ke taƙama da shi, ya gamu da wani ɗan Tibiri a karon ƙarshe. Aka sarƙe, ƙura ta tashi. Cikin ƙurar nan namu ya kai gwiwa da tafin hannu ƙasa, wanda a dokar filin faɗuwa ce. Kafin ƙiftawar ido ya miƙe ya ɗauke ɗan Tibiri ya maka shi da ƙasa. Alƙali na bayansu bai gani ba. Fili ya ɗauki ihu, aka ɗaga namu a kafaɗa. Taubashina kuwa yana tsugune ta yamma, ya ji ganga ta canza, ya danna. Gwiwar ta fito sarai, har da ramin da ta yi a yashi.

Bai kai wa kowa ba. Amma wani ya leƙa bayan kyamarar ya gani, kuma garinmu ba ya riƙe magana. 'Yan Tibiri suka kai ƙara ga masu shirya wasa. Kafin a kira taubashina, ɗan kokawar namu da iyayen gidansa suka cika masa shago. Ina nan zaune a benci, na kawo rediyona gyara.

Babban cikinsu ya ce, "Baba mai hoto, ba mu ce ka goge ba. Ƙura kawai za ka ƙara. Ai da ma akwai ƙura. Ka ɗan jawo ta bisa gwiwar a kwamfutarka, shi ke nan."

Ya ce, "Ƙurar da Allah ya tayar tana nan inda ya ajiye ta. Wadda kuke so, ku za ku tayar da ita, ba ni ba."

"Yaron nan a gabanka aka haife shi."

"Shi ya sa ba ni so ya tahi Doso da ƙarya a ƙugu."

Ɗan kokawar ya ce, "Baba, kai ɗan garin ga ne kuwa?"

A nan taubashina ya miƙe tsaye. Ya nuna kumatunsa ya ce, "Karanta." Ya taɓe baki irin yadda ban taɓa ganin ya yi ba, kamar an miƙa masa mushe. Daidai lokacin ɗan kokawar ya ɗaga waya ya ɗauke shi. Kafin magariba hoton ya zaga gari da rubutu a ƙasa, wai ga maƙiyin Dutsi. Masu shirya wasa suka tambaye shi, ya nuna musu abin da ke cikin kyamara, aka ba ɗan Tibiri gurbin. Kakar kokawa guda aka hana taubashina shiga fili. Mutanen da suka sha shayinsa suka riƙa kai rediyonsu wani wuri. An watsa masa ƙazanta a ƙofar shago, ya wanke da kansa. Ni na ce masa ya bar garin na ɗan lokaci, ya ce, "Malam Haramun, yau kuma kai ke tsoro?"

Tun daga ranar ɗan kokawar bai sake yi masa magana ba, bai kuma zo jana'iza ba. Yanzu ya bar fili, yana sayar da hatsi a tasha. Can na same shi yana auna gero. Jikin ya saki, amma wuyan na nan.

Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye tiya, kwanon awon, a kan buhu.

Ya ce, "Malam, wancan hoton na cin mutunci ne."

Na ce, "Na sani, ina wurin."

"Waya ukku na canza, duk ina maida shi cikin sabuwa. Da fari don in riƙa jin haushi. Daga baya ban san dalili ba." Ya shafa gwiwarsa ta dama. "Ta taɓa ƙasa, Malam. Ni na fi kowa sani, har yau ina jin zafin yashin."

Na ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni hoto na zo nema. Ya ce ba zai turo ba, da ƙafarsa zai kai.

Bayan la'asar ya zo gidan. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin takaba, ya yi ta'aziyya. Ya miƙa wayar ta ƙarƙashin labule. Babban ɗan mamacin yana tsaye tare da mu, ya leƙa kafin ta shige. Na ga fuskarsa ta ɓaci.

Hoton ba shi da kyau, gaskiya ce. Ya karkace, rabin shagon duhu ne, ga wayoyin rediyo na reto a baya. Taubashina yana tsaye, rigar aiki duk maiƙo, kyamara a ƙirji cikin tsohon zane, yatsa ɗaya a kumatu. Baki a taɓe, giɓin haƙorin a waje, tsaga huɗu sun fito kamar ranar da aka yi su.

Wayar ta shige ɗaki. Sannan muka ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce take fita tare da kukan.

Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Haka yake yi in miya ta rasa daddawa."

Ɗan ya matsa kusa da labule ya ce, "Inna, ba ni in ɗan rage duhun, in gyara bakin kaɗan. Mutane za su gani, ba ya da kyau a ce tsohonmu yana harara."

Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa shi in tsine ma nonon da ka sha."

Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Ba mugun yaro ba ne, yana son ubansa. So yake a ga ubansa cikin alfarma, sai ya kai shi inda bai je ba, ya ba shi fatar da ba tasa ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama ba shi ba ne. 'Yan uwa ne da suka karɓi wancan farin baƙon a wayoyinsu, suka rubuta masha Allah a ƙarƙashi, babu ko ɗaya da ya ce ina tsagar. Mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya da shi. Wancan hoton har yanzu yana yawo, ba ni da ikon kamo shi, kuma na san wata rana wani jika zai nuna shi ya ce ga kakansa Alhaji. Dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan ke nan.

Malamin lakwal ya kai na gaskiyar aka wanko a takarda. Abu ɗaya kawai aka yi masa, aka yanke rubutun cin mutuncin da ke ƙasa, shi ma sai da na tuna cewa mai shi ya halatta yanke gefe. Uwargidan ta ce in rubuta wani abu a baya don kada a sake ɓatar da shi. Na riƙe takardar, ni da na yi shekaru ina rufe fuska da hannun riga. Na jiƙa alƙalami a tawada na rubuta da ajami sunansa da na ubansa da na kakanmu, na ƙara da cewa wannan ita ce fuskarsa, ni shaida ne.

Yana rataye yanzu a ɗakinta, sama da gado. Na ce mata ta riƙa juya shi bango in za ta yi sallah, ta ce da ma tana yi, don ba ta iya natsuwa yana harararta.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da fuskar da ka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya zuciyar wadda ya bari. Sauran gardamarmu kuma, ni da shi, ka ba mu ikon ƙarasa ta a inuwa.